Baƙi Ɗaya Ya Hana Ni Barci

A zangon da ya wuce malaminmu ya raba mu biyu-biyu, ya ce kowane rukuni ya rubuta ƙaramar manhaja da harshen Python wadda za ta riƙa ajiye sunayen ɗalibai da makinsu. Maki talatin ne a kan aikin, kuma ni a lokacin ina matuƙar bukatarsu, don gwajin farko bai yi mini kyau ba.

Kusan kowace manhaja tana da wani ɗan fayil da ake kira fayil ɗin saiti. A nan ake rubuta abubuwan da kan iya canzawa, kamar inda bayanai suke da sunan mai shiga, don kada a riƙa taɓa manhajar kanta. Namu an kasa shi kashi-kashi, kowane kashi da kansa, a ƙarƙashinsa kuma sunayen saiti. Ɗaya daga cikin kawunan mun sa masa "rumbu".

Daren da za a wayi gari mu gabatar, manhajar ta ƙi tashi. Saƙon da take fitarwa ɗaya ne: ba ta ga "rumbu" ba. Ni kuwa ga shi ina kallonsa ƙuru-ƙuru. Na kira abokin aikina na ɗora masa laifi, har na ce ya lalata mana aiki. Ya ce shi dai gyaran fuska kawai ya yi wa fayil ɗin, ya mayar da farkon kowane layi babban baƙi don ya yi kyan gani.

Na ce wannan ba zai zama dalili ba, kuma ina da hujjata. Makonni kafin nan na taɓa rubuta "Suna" a maimakon "suna", komai ya tafi daidai. Ashe nan ne na ruɗu. Abin da Python ke amfani da shi wajen karanta irin wannan fayil, wato configparser, yakan mayar da sunayen saiti ƙananan baƙaƙe da kansa, amma kawunan kashi yana ɗaukarsu yadda aka rubuta. Fayil ɗaya, doka biyu. Har yau ina ganin wannan tsari bai yi wa mai koyo adalci ba. Da ya tsananta ko'ina, da tun ranar farko na gane.

A wurin kwamfuta, kowane baƙi lamba ne. A tsarin ASCII babban R lamba 82 ne, ƙaramin r kuma 114. Ba ta ganin wata dangantaka a tsakaninsu sai in wanda ya rubuta manhajar ya koya mata. Shi ya sa Windows kan ɗauki "Hoto" da "hoto" a matsayin sunan fayil guda, Linux kuwa ta ce biyu ne. Mu masu rubuta Hausa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba, tunda lanƙwasa ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi", ga shi kuma kullum muna yar da ita a saƙon waya.

Wajen ƙarfe uku na dare na goge R na sa r, manhajar ta tashi nan take. Gyaran bai kai daƙiƙa biyar ba.

Da safe, kafin mu shiga aji, na ba abokina haƙuri. Ya yi dariya ya ce in saya masa shayi da burodi a wuce wurin. Muna shan shayin muka rubuta a saman fayil ɗin cewa duk wanda zai ƙara wani abu ya yi da ƙananan baƙaƙe. Maki ashirin da huɗu muka samu.