Ɗan lakwal ya yi shekara guda yana koyon aikin kuɗi a ƙasar Yekuwa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga labarin Yekuwa da wani yaro da ya zauna cikinta shekara guda.

Yekuwa tana cikin gundumar Magarya, jihar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. A da Magarya da Dungas gunduma ɗaya ce, sai a shekarar 2011 aka raba su. Ƙasar jigawa ce mai rairayi. Gona na manne da gona, gawo na tsaye ko'ina a tsakaninsu. Ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Fulani na kiwo a gefen gonaki. Daga ƙauye zuwa ƙauye babur ne da amalanken shanu ke aiki, don rairayin na kama ƙaramar mota.

Yaron ɗan birnin Damagaram ne. Yana babbar lakwal inda ake koyon lissafin kuɗi. Kafin a ba ɗalibi takardar gamawa, sai ya je ya yi aiki da hannunsa a wata ma'aikata. Wannan shi ake ce ma sitaj. Shi an tura shi wani asusun ajiya da bashi a Magarya. Ya zaci za a ba shi tebur da kujera da kwamfuta. Sai shugaban asusun ya miƙa masa jaka da babban littafi, ya haɗa shi da ma'aikacin da ke zagaya ƙauyukan Yekuwa bisa babur. Ya iso da kaka, ana ɗaurin damma.

A satinsa na farko ya yi kuskuren da bai manta ba. Wata dattijuwa ta kawo ajiyarta ƙulle a gefen zane. Ya ce mata: "Inna, nawa kika kawo?" Ta ce: "Ɗari biyar, ɗana." Bai ƙirga ba, ya jefa a jaka, ya rubuta 500 cikin karnenta. Da maraice aka haɗa lissafi, sai ga tamma 2000 sun yi yawa cikin jaka. Aka yi ta nema har aka kunna fitila. Washegari da sassafe sai ga tsohuwar da jikanyarta wadda ta yi ajin yaƙi da jahilci. Yarinyar ta buɗe karne, ta ɗora yatsa bisa lambar, ta ce: "Mushe, ba haka ba ne."

Ga abin da ya faru. A baki, mutanenmu da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. A takarda, da tamma ake rubutawa. Ɗari biyar ɗin tsohuwa dala 500 ce, watau tamma 2500, jikka biyu da rabi. Yaron ya san wannan tun yana ƙarami, da dala yake sayen ƙosai. Amma shekarun lakwal sun saba masa da lissafin Faransanci, har hannunsa ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Ya gyara, ya ba da haƙuri. Da jikanyar ba ta iya karatu ba, kuma da jakar na hannun wanda ba ya tsoron Allah, da jikka biyu sun tafi ba wanda ya sani.

To ku duba da kyau. In kun ga lamba a karne, ku raba ta biyar, ku samu dala. In an rubuta 500, dala ɗari ce. In an rubuta 1000, dala metan ce, jikka guda. In an rubuta 5000, jikka biyar ke nan.

Bayan dala da tamma, akwai kuɗi na uku a Yekuwa, ita ce naira. Ƙasar Daura na nan kudu, kuma dangi ɗaya ne da mutanen nan, ana auratayya. Mai rago ko bijimi kan kai shi kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, mutanen wajen Dungas su kuma Maigatari ran Alhamis. Da naira ake biyansu. Ƴan cin rani da ke Kano da Legas naira suke aikowa. Asusu kuwa sefa kaɗai yake karɓa. Saboda haka kafin mutum ya biya bashinsa sai ya bi ta wurin ɗan canji, kuma farashin yau ba shi ne na jiya ba. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya tamma 655 da ɗoriya. Naira ba ta da wannan turke. A 2023 da 2024 ta faɗi ƙwarai, wanda ya ajiye ta ƙarƙashin katifa ya ga ajiyarsa ta zube ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

Dattawa sun ba yaron tarihin da ba ya cikin littattafansa. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta canza takardun naira, ta rufe iyaka. Mutane da yawa na wannan gefen suka tashi da takardun da ba su sayen komi. Daminar shekarar kuma ba ta yi ba, shi ya sa har yau ake kiran waccan yunwa El Buhari. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A ƙarshen 2022 aka sake canza takardun naira 200 da 500 da 1000, a farkon 2023 kuɗi suka yi wuya a kasuwanni. Mutumin da ya ga duk wannan, in ya ce ya fi yarda da akuya bisa ga takarda, ba wauta ba ce. Akuya na haihuwa. Sai dai ita ma tana mutuwa, kuma ranar da kowa ya matsu ya kai tasa kasuwa, ba ta da daraja.

Abin da ya fi ɗaure wa yaron kai shi ne kaka. Hatsi ya cika gari, amma kowa na neman kuɗi. Ga haraji, ga biki, ga bashin damina, ga tufafin yara. Sai manomi ya kai gero kasuwa lokacin da kowa ke kaiwa, tiya ta faɗi. Ƴan kasuwa su saye su tara. Da bazara rumbu ya yi ƙasa, manomin nan ya koma ya sayi geronsa da tsada. Wani ma tun hatsi na tsaye a gona ya ci kuɗinsa.

Maganin da asusun ke kawowa shi ne jinginar amfanin gona, wadda ma'aikata ke ce ma warantaj. An fara yaɗa ta a Nijar wajen ƙarshen shekarun 1990, tare da hukumar abinci ta duniya FAO. Ƙungiyar manoma ta tara buhunanta cikin mangaza ɗaya. A auna, a duba kyawon hatsin, a rubuta sunan kowa a jikin buhunsa da cikin littafi. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusu. Ba mai buɗewa shi kaɗai. Asusu ya ba kowa bashin da bai kai kuɗin buhunsa ba. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe.

Ga misali. A ce buhun gero jikka 20 ne da kaka. Asusu ya ba ka jikka 16. Ka yi lalurarka, ko ka sayi ɗan rago ka turke. A ce da bazara buhu ya kai jikka 28. Ka biya jikka 16 ɗin, da kamar jikka 2 na ruwa da hayar mangaza. Saura jikka 10 naka ne. Ka samu 26 ke nan a maimakon 20. In kuma ragon ya biya bashin, sai ka ɗauki buhunka ka kai gida, iyali su ci su yi noma.

Amma kada a ɓoye muku. Ba kowace shekara hatsi ke tashi ba. In farashi ya tsaya inda yake, ruwa da haya na kan mai buhu. Wake in ba a sa shi cikin buhu mai riɓi uku ba, ƙwari na gama shi kafin a buɗe ƙofa. Akwai kuma waɗanda suka ce wa yaron a fili ba su shiga, don ba su son abin da ya haɗa da kuɗin ruwa. Bai yi gardama da su ba. Wasunsu sukan tara buhunan su kulle ba tare da karɓar bashi ba.

Watanni biyu yaron ya yi bakin mangaza da sikeli da alli. Nan ya gane abin da ya sa dattawa ke ɗari-ɗari da bashin hukuma. Sun tuna zamanin gyaɗa, lokacin da SONARA ke saye, UNCC na raba iri da kayan noma bashi. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, bashi ya rage a wuyan mutane. Wani tsoho ya ce masa: "Yaro, mu da yatsa muka dangwala, ba mu san abin da ke cikin takardar ba." Tun daga ranar, kafin kowa ya sa hannu, sai yaron ya karanta masa takardar da Hausa, da dala, a gaban shaidu.

Da sanyi ya shiga, samari suka tafi cin rani, gari ya zama na mata da tsofaffi. A lokacin ne ya fara zama wurin taron Mata Masu Dubara. Wannan tsari a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu har ƙasashe da yawa na Afirka. Mata kamar 20 ko 30 ke haɗuwa kowane sati. Kowace ta zuba abin da aka yanka. Akwati na da kwaɗo uku, mabuɗan na hannun mata uku, akwatin kuma na ɗakin ta huɗu. Mai son jari ta ɗauka ta yi ƙuliƙuli ko man gyaɗa, ta mayar da ɗan ƙari. Ƙarshen zagaye a fasa akwati a raba. Yawancinsu ba su karatu, amma kowace na riƙe da lissafin a ka, ana faɗinsa da ƙarfi a gaban kowa. Ranar da ya gwada lissafinsa da nasu, nasu ne ya fito daidai. Shi ya tsallake layi guda.

Bazara ita ce lokacin wuya ga mai karɓar bashi. Rana na dukan rairayi, babur na nutsewa, mutum na ganinka daga nesa ya san abin da ya kawo ka. A lakwal an koya masa cewa wanda ya makara a biya, a rubuta shi cikin ja. Ma'aikacin da yake bi ya koya masa ya fara tambayar dalili. Wani ɗansa ne bai aiko ba tukuna daga Legas. Wani matarsa ce ke kwance a likita. Wani makiyayi ne da ya yi kudu da shanu, zai dawo da ruwan farko, kuma bai taɓa cin bashin kowa ba. Akwai kuma mai kuɗin a aljihu, yana jira a gaji a bar shi. Littafi bai bambanta su. Mai gari da maƙwabta su suka san kowa.

A watan Mayu aka buɗe mangaza. Mabuɗi biyu suka haɗu, aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da ruwa ya sauka ba wanda ya sake neman yaron, kowa na gona daga safe har la'asar. Ya zauna ya rubuta rahoton da zai kai lakwal. Cikinsa ya roƙi asusun ya riƙa rubuta kuɗi iri biyu a karne, tamma a gefe ɗaya, dala a gefe ɗaya.

Da gero ya sake nuna, shekararsa ta cika. Ya miƙa babban littafi ga ma'aikacin. Matan asusu suka ba shi tiya biyu ta riɗi da kwalbar man gyaɗa. Jikanyar tsohuwar nan kuwa, ita ƙungiyar ta zaɓa ta riƙe littafinsu. Ya hau babur zuwa Magarya, daga can ya shiga motar Damagaram.