Kafin a toshe tsohuwar ƙofa

A shekarar 2012, lokacin da aka fitar da siga ta 3.3 ta Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja da suka fi yaɗuwa a duniya, masu kula da shi sun yi wani ɗan sauyin ɗaki. Akwai wasu azuzuwa, wato ƙirar da mai rubuta manhaja ke ɗora nasa aikin a kanta, irin su Mapping da Sequence, da ke zaune a rumbun da ake kira collections. Sai aka mayar da su sabon ɗaki mai suna collections.abc, aka bar tsohuwar ƙofa a buɗe saboda waɗanda suka saba bi ta nan. Niyyar ita ce a toshe ta nan gaba. Sai da aka shekara tara kafin hakan ta yiwu.

A idon mai gida, ƙofar ba ta da sauran amfani, tunda shi ya daina bi ta cikinta. Amma rumbun da aka sake wa duniya kyauta ba shi da rajistar masu shiga da fita. Wanda ya ce “ba mai amfani da wannan aji” gidansa kawai ya leƙa. Bai ga maƙwabtan da suka mayar da ƙofar hanyar zuwa rijiya ba.

Maƙwabtan kuwa suna da hujjarsu. A wancan zamani manhajoji da yawa suna hidimar Python 2 da Python 3 a lokaci guda, kuma Python 2 bai san sabon ɗakin ba. Tsohuwar ƙofa ce kaɗai ke kai mutum duka gidajen biyu ba tare da ƙarin wahala ba.

Gargaɗin ma ya makara. Sai a siga ta 3.7, a 2018, harshen ya fara yin magana da kansa idan an bi ta tsohuwar hanya, yana cewa a 3.8 za a rufe. To amma irin wannan gargaɗi Python na ɓoye shi ne idan daga cikin rumbun wani ya taso, don kada a tsorata mai amfani da ba shi da ikon gyarawa. Tausayi ne mai tsada. An ce kukan kurciya jawabi ne, amma ai sai an bar ta ta yi kukan inda za a ji.

Siga ta 3.8 ta zo ta wuce, ƙofa na nan. Ana cikin shirya 3.9 aka toshe ta, sannan aka sake buɗewa. Masu haɗa Fedora, waɗanda kan gwada ɗimbin manhajojinsu da sabuwar siga tun ba ta fito ba, suna cikin waɗanda suka ga yawan abin da ke rushewa. Ga shi kuma a farkon 2020 ne aka daina kula da Python 2, mutane ba su gama kwashe kayansu ba. Aka ƙara wa'adin siga ɗaya.

Gyaran kansa bai fi sauya layi ɗaya ba. Aikin da ke cin rai shi ne bin maƙwabta gida-gida: a gano wanda ya dogara da ajin, a aika masa gyaran a shirye, a jira ya karɓa ya fitar da sabuwar siga, sannan waɗanda suka dogara da shi su ma su ɗauka. Sarƙa ce, kuma wasu zobbanta na hannun mutum ɗaya da ke aikin sa-kai bayan ya taso daga ofis. Shi kuwa mai dogaro da rumbun wani, abin da ke hannunsa shi ne ya sa gwaje-gwajensa su ɗauki kowane gargaɗi a matsayin kuskure, don ya ji tun da sauran lokaci.

A watan Oktoban 2021 siga ta 3.10 ta fito, ƙofa a toshe. Manhajojin da masu su ke kula da su sun wuce lafiya. Waɗanda aka yi watsi da su tun shekaru, amma wasu ke jingine da su ba tare da sun sani ba, sai suka ƙi tashi tun daga layin farko da ya nemi Mapping a tsohon wurinsa.