Riƙon Maraya Mai Wuyar Hali

Yau maganata a kan yaran da ke hannun waɗanda ba su haife su ba ce, watau marayu da 'ya'yan riƙo, musamman waɗanda aka ce sun gagara. Zan fara da laifin kaina, don kada ku ce wa'azi na zo yi muku.

Da na fito kwalejin horon malamai, sai na sami aikin koyar da yara a wani gidan marayu. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara 7, tana cikin waɗanda fitinar Arewa maso Gabas ta raba da iyayensu. Abu uku na halinta ya dame mu: ta kan ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma, ta kan ciji 'yan'uwanta, ta kan kuma yi fitsarin kwance. Ran nan na ɗaga tabarma na tarar da malmala biyu har sun yi funfuna. Raina ya ɓaci, na zuba mata tsumagiya a gaban yara. Ba ta yi kuka ba ko kaɗan. Da magariba ta ciji wata har jini ya fito.

Washegari wata dattijuwa mai dafa wa yara abinci ta jawo ni gefe. Ta ce, "Malama, kin taɓa kwana biyu ba ki sa komai a bakinki ba?" Na ce, "A'a, Iya." Ta ce, "To, ita ta yi. Ba sata ta ke yi ba, guzurin gobe ta ke ajiyewa." Kunya ta rufe ni, na rasa ta cewa.

Sa'an nan ne na tuna da abin da aka karantar da mu, na bar shi a takarda. A shekarar 1951 wani likita mutumin Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da ba su da gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya nuna ƙaramin yaro yana bukatar mutum guda tsayayye wanda zai shaƙu da shi, ko uwarsa ko mai maye gurbinta, kamar yadda ya ke bukatar abinci. An ga gaskiyar wannan a ƙasar Romaniya bayan 1989, inda aka tarar da dubban yara jibge a gidajen gwamnati, ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu wasa. Waɗanda aka kai hannun iyali kafin su cika shekara 2 sun fi sauran warwarewa.

To, ga abin da muka yi, ni da Iya.

Na farko, muka ba yarinyar ɗan kwanonta mai murfi, kullum da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a ciki, muka ce nata ne, ba mai taɓawa. Kada ku kuskura ku yi wa irin wannan yaro horo da yunwa, gama ita ce tushen ciwon.

Na biyu, na sami littafi na riƙa rubuta lokacin da ta ke cizo, da abin da ya faru kafin nan. Cikin mako biyu sai na ga kusan duka da magariba ne, sa'ad da masu aikin rana ke tafiya gida, na dare su zo. Ashe tafiyar mutane ke firgita ta. Sai Iya ta riƙa zaunar da ita kusa da ita a wannan lokaci, suna tsintar wake.

Na uku, ba mu bar horo ba. In ta yi cizo, na kan riƙe ta in ce, "Ba a cizo a gidan nan." Sa'an nan in fara duba wadda aka ciza, ita kuwa ta zauna gefena har ta huce, ta kawo ruwan wanke ciwon. Ba kulle ta a ɗaki, ba dogon faɗa. Ran da ta wuni lafiya kuwa, in yabe ta a kunnen kowa.

Batun fitsarin kwance, ku sani ba da gangan yaro ke yi ba. Tara yara su yi masa waƙar ba'a ba ya ƙara masa komai sai tsoro. A shimfiɗa masa leda, a sa shi ya zaga kafin ya kwanta. In yana jin zafin fitsari, ko an ga jini, a kai shi asibiti, don mai yiwuwa tsargiya ce ko wani ciwo.

Ba zan ce muku ta zama waliyyiya ba. Sai da muka yi wata huɗu kafin ta daina ɓoye tuwo, kuma har yanzu ta kan tayar da rigima in aka sake mata mai kula. Amma ran da ta miƙa wa wata ƙarama ƙuli-ƙuli daga kwanonta, Iya ta dube ni, na dube ta, ba wanda ya ce uffan.

Ke da ke riƙon ɗan 'yar'uwarki, ko ɗan kishiyar da ta rasu, kafin ki ɗauki bulala ki tambayi kanki: me yaron nan ya gani kafin ya zo hannuna? Lalle icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, amma wanda ya riga ya tsage, a hankali a ke kama shi. Allah ya ba mu haƙurin riƙon amana, amin. Sai wani mako.