Iowa City: Inda Ɗalibi Ke Kama Bakinsa a Feɗe Rubutunsa

Daga Chicago zuwa Iowa City tafiyar kamar awa huɗu ce a mota, kuma ban da gonakin masara da waken suya babu abin da ido ke gani. Ba ka cewa a tsakiyar wannan karkara akwai garin da UNESCO ta naɗa Birnin Adabi a 2008, na farko a Amurka, na uku a duniya bayan Edinburgh da Melbourne. Mutanen garin ba su kai dubu 80 ba, amma a titin Iowa Avenue faranten tagulla ne dashe a daɓen da ake takawa, ɗauke da sunayen marubuta. Da yamma kuwa kantin littattafai na Prairie Lights kan cika da masu sauraren marubuci yana karanta sabon aikinsa.

Tushen wannan suna shi ne zauren horar da marubuta na Jami'ar Iowa, wanda aka kafa a 1936, Paul Engle ya riƙe shi daga 1941 zuwa 1965. Nan Flannery O'Connor ta yi karatu, nan Kurt Vonnegut da Marilynne Robinson suka koyar. Sai dai ni ba waɗannan manya suka fi tsaya min a rai ba. Wani aji ne na yara masu karatun digirin farko, da malaminsu ya yarje min in zauna a gefe.

Kujerun a zagaye suke, malamin ma cikinsu yake, ba ka bambance shi sai da furfura. Kowane mako ɗalibi zai rubuta ɗan gajeren abu, ya tura wa 'yan ajin tun kafin ranar zama, kowa ya zo da kwafinsa ya sha zane da biro. Ran nan layi ya zo kan wani saurayi da ya yi rubutu kan ranar da aka sayar da gonar kakansa. Dokar ita ce mai rubutu ba ya magana. Ba ya kare kansa, ba ya cewa "ai abin da nake nufi shi ne kaza."

Wata yarinya ta ce a shafi na biyu ta ɓata, ta rasa ko kakan ne ke magana ko uban. Wani ya ce shafin farko gaba ɗaya sharar fage ne, labarin bai tashi ba sai wurin da tsohon ya ƙi miƙa makullin tarakta. Saurayin nan kunnuwansa suka yi ja, yana cije leɓe yana rubuta abin da ake faɗa. Malamin ne ya yi magana a ƙarshe, kuma bai ba da maki ba. Cewa ya yi a sake rubutawa a kawo.

Ɗalibin da malami kaɗai ke karanta wa rubutu maki yake farauta, sai ya jibga manyan kalmomi ya ɓuya a bayansu. Wanda ya san sa'anninsa ne za su karanta, kuma za su faɗa masa a idonsa inda suka gundura, dole ya tsaya ya fayyace zancensa. Ga shi kuma mai gyara wa wani, gobe shi za a gyara wa, don haka ba a cika yin ƙeta ba. Mu ma muna da irin wannan zama, ƙungiyoyin marubuta a Kano sun daɗe suna karanta wa juna ayyukansu. Ajin jami'a ne bai cika samunsa ba, inda takarda kan dawo da jan biro da lamba kawai.

Tsarin yana da masu sukarsa, har a can. Suna cewa yana sa rubutun kowa ya yi kama da na kowa, kuma ɗaure wa marubuci baki kan cuci wanda ya fito daga al'adar da 'yan ajin ba su sani ba. Shi ya sa wasu malaman yanzu sukan bar mai rubutun ya fara da tambayoyinsa. Wannan malamin dai sai a ƙarshe ya ba saurayin dama. Yaron ya ce shafin farko zai cire shi, amma maganar kakan da uban da gangan ya cakuɗa su, kuma ba zai raba ba.