Abin Da Ke Tsaga Gadon Amarya

Mai karatu, in dai kana bin littattafan soyayya ka san marubutanmu ba su gajiya da siffanta ɗakin amarya. Sai a ci shafi biyu ana zayyana gado da sif da madubi, wai har kana ganin fuskarka a jikin katakon. A fim ma haka ne, kyamara sai ta zaga ɗakin kaf kafin ta iso kan amaryar. Amma har yau ban ci karo da marubucin da ya koma ɗakin nan bayan hunturun farko ba, lokacin da ƙofar sif ta ƙi rufuwa, allon gado ya dare tun daga sama har ƙasa, uwar amarya na cewa kafinta ya cuce su, dangin ango na cewa ai dama kayan na araha ne. Na san gidan da irin wannan magana ta kai ga yaji. Alhali sau da yawa ba araha ba ce, ba kuma baki ko maita ba. Katakon ne aka yi aiki da shi bai gama bushewa ba.

Ni ba kafinta ba ne, kada ka ɗauka. Abin da na sani a gidan kawuna na tsince shi, Allah Ya jiƙan sa, masassaƙi ne mai turmi da taɓarya da kujerar mata. Daga baya da na yi ɗan karance-karance sai na tarar abin da masana ke faɗi da lissafi shi ne tsohon nan ke yi da ido da tafin hannu.

Ka ɗauki icce kamar damin kara. Jijiyoyinsa a tsaye suke, tun daga saiwa har reshe, kuma ta nan ruwa ke hawa. Ranar da aka sare shi cike yake da ruwa, wani iccen ma kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ruwan nan kuwa ta baki biyun da aka yanke ya fi saurin fita, ya ninka na gefe kamar sau 10. Da farko ba abin da ke faruwa, nauyi kawai ke raguwa. Sai ruwan ya sauko kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen iccen sannan jiki ke fara tsukewa. To ga matsalar: baki da bayan icce sun isa wannan matsayi sun fara tsukewa, ciki kuwa yana nan jiƙe sharkaf bai motsa ba. Na waje na ja, na ciki ya ƙi. Dole wani wuri ya yage. Ka tuna fason ƙafa da sanyi, ko taɓon kududdufi in rana ta buge shi, sama ya dare ƙasa na da danshi. Shi ke nan labarin.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan wuyar magani. In ka dubi bakin gungume za ka ga zobe-zobe sun kewaye zuciyarsa. Icce ya fi tsukewa ta bin kewayen zoben nan, kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga ɓawo zuwa zuciya. A tsawo kuwa kusan ba ya raguwa ko kaɗan. Saboda haka gungumen da aka bari a mulmule da zuciyarsa a ciki, ko a ɗakin Sarki aka ajiye shi, ƙarshensa ya tsage daga tsakiya zuwa waje. Shi ya sa mai son falanki ko akushi ke fasa gungumen biyu tun yana ɗanye, ya fitar da zuciyar ya yar. Allon karatu na aduwa ma, wanda ya fito daga gefe ya fi wanda ya ratsa tsakiya daɗewa.

Turmi ne ba shi da wannan gata, don da zuciyar a ciki ake sassaƙa shi. A nan ne na ga dabarar kawu. Ba ya barin gungumen ƙirya ya kwana biyu bai sa masa gizago ba. Zai rarake cikin tun icce na da taushi, amma ba zai gama ba, sai ya bar bangon da kauri fiye da yadda ake so. Ramin nan shi ke ba icce damar tsukewa ba tare da ya yage ba. Daga nan sai ya laɓta wa gindin da bakin ɗanyen kashin shanu, ya kife shi a zaure inda ba rana ba iska, ya tula masa ɓarɓashin sassaƙar da ya fito daga jikinsa. Makonni yake yi a haka. Mu yara muna ganin ƙazanta ce kawai. Sai ya bushe yake fito da shi ya ƙarasa, ya goge, ya shafe da man gyaɗa. In mace ta zo da kuɗinta a hannu tana son wanda ke zaure, sai ya ce, “Yi haƙuri Hajiya, wannan bai nuna ba.” Wata ta yi fushi ta tafi kasuwa ta sayo na wani. Bai taɓa bin ta da magana ba, kuma ba ya rage farashi don ta dawo.

Abin da kashin shanun ke yi shi ne toshe bakin jijiyoyin don ruwa ya fita a hankali ta gefe. Yau kana iya yi da narkakken kyandir, ko kakin zuma, ko farin gam na kafinta, ko ragowar fentin mai, shafi biyu ko uku. Sharaɗin guda ne, a shafa a ranar da aka yanka. In ka bari ƙananan tsaga sun riga sun fito, shafawa ba ta mayar da su, sai dai ka datse wajen da zarto har ka isa lafiyayyen icce sannan ka shafa. Don haka ne ake barin rarar inci 2 ko 3 a kowane baki. Gefen kuwa kada ka shafe shi, in ka toshe ko’ina sai icce ya yi fumfuna ya ruɓe daga ciki.

Na falanki ba shi da wani sirri. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshi, a jera a inuwa ƙarƙashin rumfa, tsakanin kowane falanki da na samansa a gitta busassun ’yan sanduna masu kaurin inci 1, tazarar kamar taku 2, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta, a ɗora bulo a sama don kada ya karkace.

Turawa suna da lissafinsu, wai kowane inci 1 na kauri shekara 1. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne. Mu a nan icce na bushewa da sauri fiye da haka nesa, kuma saurin ne abin tsoro. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu a Kano ko Damagaram takan bushe har danshin cikinta ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Ɗanyen iccen da aka shanya a fili a wannan lokaci, kafin kwana uku ka ga bakinsa ya yi tsaga kamar ƙafar kaza. Sai an kare shi da zana ko buhu ta gefen da iskar ke bugowa. Da damina kuma akasin haka ake yi, a buɗe masa ya sha iska.

Yanzu mu koma ɗakin amarya. Yawancin katakon da ke kasuwannin ’yan katako irin ta Na’ibawa daga dazuzzukan kudu yake tasowa, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Ko da ya bushe a can, bushewar can ce ba ta nan ba. Balle wanda aka sare makon jiya aka ɗora a tirela. Biki kuma ya matso, uba ya biya rabin kuɗi, kullum yana aike. Kafinta ya sayo katako yau, gobe ya fere, jibi ya buga ƙusa ya fesa fenti. A watan Satumba kaya sun yi kyau kamar na kanti. A Janairu, da tsakar dare, sai a ji ƙas! A ra’ayina laifin rabi da rabi ne. Kafintan da bai da ajiyayyen katako ko falanki 10 a rumfarsa bai cika kafinta ba, amma mu ma da muke ba da aikin gado saura mako uku ɗaurin aure mun san abin da muke saye.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne iccen kansa. Ƙirya ba darbejiya ba ce da za ka dasa yau ka sha inuwa baɗi, tana daɗewa kafin ta kai kaurin turmi, ga masu gawayi sun sa ta gaba. Madobiya kuwa, wadda a Taraba suke kira madrid, an yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu daga 2017. Duk turmin da ya dare a shekararsa ta farko, wata bishiyar za a je a kayar.

In kana son ka san ko icce ya bushe, ba sai da na’ura ba. Ka ware falanki guda, ka ɗora a sikeli, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da gawayi. Ka maimaita duk mako biyu. In ya yi awo biyu ko uku bai ragu ba, ya daidaita da iskar wurin. Sannan a shigar da shi ɗaki ya yi mako biyu kafin a taɓa shi da zarto. Kawu ba shi da sikeli, ƙwanƙwasawa yake da ƙotar gizago ya kasa kunne: ɗanye amonsa a dushe yake, busasshe kuwa ƙara yake yi rau. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kai da sassafe, in ya ji sanyin danshi sai ya mayar da shi zaure.