Nasu An Rubuta, Namu Fa?

A zangon karatun da ya wuce, muna koyar da tarihin Yaƙin Duniya na Farko, muka ba ɗalibai labarin 'yan ƙwallon zari-ruga da suka shiga soja. Mu nan Kasuwar Daji ba mu saba da wannan wasa ba, amma a ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Niyuzilan, gwaninsa ɗan gata ne.

Mun ba su labarin Dave Gallaher, kyaftin ɗin Niyuzilan a rangadin 1905 zuwa 1906, inda suka buga wasa 35 suka ci 34. Yana da shekara 43 aka kashe shi a fagen fama a Beljiyam, ranar 4 ga Oktoba, 1917. Yau idan ƙasarsa ta kara da Faransa, akwai kofin da ake ci da sunansa. Mun kuma ambaci Edgar Mobbs na Ingila, wanda aka hana shi muƙamin hafsa aka ce shekarunsa sun wuce. Bai yi fushi ya zauna ba, sai ya tara 'yan wasa 'yan'uwansa suka shiga soja tare. Shi ma ya rasu a 1917, kuma tun 1921 aka fara wasan tunawa da shi.

Muna gamawa, sai wani yaro daga benci na baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu namu fa? Babu ɗan dambe ko ɗan kokawa da ya je yaƙi?"

Gaskiya ɗaya ce, kunya ta kama mu. Mun san cewa a Yaƙin Duniya na Biyu samarin Arewa masu yawa sun tafi Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Mun san sun gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan, sun shiga Myohaung a Janairu 1945, har akwai bariki a Legas mai wannan suna. Hausa ce ma harshen bariki a wancan zamani. Masu ɗaukar soja kuwa ƙarfafa suke nema, irin waɗanda ke fitowa fili bayan kaka su ɗaure hannu. Duk da haka, suna ko ɗaya ba mu iya kawo wa yaron ba.

Laifin wa ke nan? Namu ne. Muna yara mun ga tsofaffin 'yan Bama zaune a inuwa ranar kasuwa, muka wuce su ba mu tambaya ba. Yanzu ƙasa ta rufe idon kusan dukansu. Turawa ba su fi mu jarumai ba, rubutawa suka yi, mu kuwa muka dogara ga baka.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, ga aikin hutu. Kowa ya zauna da kakarsa ko dattijon unguwa, a Ƙaura ne, ko Shinkafi, ko Zurmi. Ku tambayi wanda ya je Bama ko Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, ku rubuta sunansa da garinsu da sana'arsa, Kirista ne ko Musulmi. Kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, muna so mu karanta sunayen nan a taron safe, mu yi wa zuriyarsu addu'a.

Ubangiji ya taimake mu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.