Kaskon Kare da Buhun Kanti

A tashar Gaya, inda manyan motocin Kwatano suka yi shekaru suna kwana a jere suna jiran takardun duwan, an fi jin kalmar «kare» a bakin direbobi fiye da bakin mafarauta. Karen mota suke kira, wato yaron da ke ɗaure tamfol, ya duba taya, ya kwana ƙarƙashin tirela, in maigida ya ƙoshi ya miƙo masa sauran kwano. Duk wanda ya fara raɗa masa wannan suna ya san matsayin mai sunan na asali. A wajen Hausawa, haka ma Dandawa da Zabarmawa da Cangawan da ake zaune tare da su a bakin Kwara, kare mai cin saura ne. Kwanonsa kasko ne, gutsuren fasasshiyar tukunya da ake ajewa bayan ɗaki. Abincinsa ƙanzon jiya da aka jiƙa, sai ko ƙashi ranar da aka yi yanka. Ba a taɓa jin an tambaye shi abin da ransa ke so ba.

Wannan reno bai kashe shi ba, kuma akwai dalili. A 2013 wasu masana na jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin suka gwada halittar kare da ta kyarkeci, kakansa na daji, suka tarar ƙwayar gadon da ke sa ciki ya narkar da sitaci ta ninku sau da dama a jikin kare. Dubban shekarun da ya yi yana bin manoma sun koya wa cikinsa hatsi. Siririn karen Azawak da Buzaye ke alfahari da shi, wanda yau ake baje kolinsa a Turai, da gero da nono da ɗan abin da ya kamo ya girma.

Sai dai karen bana shi ke maganin zomon bana, zomon bana kuwa ɓarawon sito ne. Kasuwancin kan iyaka ya cika Gaya da ɗakunan ajiya da gidaje masu doguwar katanga, masu su suka fara sayo karnukan gadi daga Kwatano da Legas, irin na Jamus mai tsayayyun kunnuwa da barbarar yanyawarsa. Tare da su buhu ya iso, mai hoton kare yana sheƙi, cike da busassun ƙwayoyi da faransanci ke kira «croquettes». Hausa ba ta tsai da suna ba tukuna. Wanda ya ce cincin ɗin kare bai yi nisa da gaskiya ba. Asalinsa ma saura ne: wajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya soma gasa wa karnukan Ingila biskit na sayarwa, an ce bayan ya ga karnuka a tashar jirgin ruwa suna rububin busasshen biskit da matuƙa suka yar. Ƙanzon Turawa ne aka sa wa riga.

Wani tsohon darektan lakwal, wanda ɗansa mai aiki a Kwatano ya aiko wa kwikwiyo da buhu biyu, ya ga abin da bai taɓa gani ba a shekarunsa: kare ya sunsuni abinci ya juya baya. Ya zuba masa romo, ya ci kwana biyu ya daina. Ya buɗe masa gwangwanin kifi, karen ya tsince kifin ya bar saura. Da abin ya ishe shi, ya tafi wajen wani tsohon mafarauci a bayan gari.

«Baba, karen nan ya ƙi abinci.»

«Yana shan ruwa, Malam?»

«Yana sha.»

«In baƙo ya yi sallama yana tashi? In ka shigo yana kaɗa wutsiya?»

«Ƙwarai kuwa.»

«To wa ke jefa masa tsire da dare?»

Malam ya yi shiru.

«Ashe shi ya horar da kai, Malam. Ya gano in ya yi haƙuri da yunwar rana, dare zai kawo nama.»

Maganin tsohon bai bambanta da na likitan dabbobi ba. A aje kwano sau biyu, da safe da kuma bayan rana ta yi sanyi. In ya yi kamar tsawon shan furar mutum ɗaya bai ci ba, a ɗauke, kada kowa ya ba shi komai sai lokaci na gaba. Likitoci minti 15 zuwa 20 suke cewa. Babban kare mai lafiya ba ya kashe kansa da yunwa a gaban abinci, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke hana mutum kansa sha'awar tuwon rana, rage cin kare ba abin tada hankali ba ne.

Abin lura shi ne jerin tambayoyin tsohon: ruwa ya fara tambaya, sannan hali, daga baya ya zo kan tsire. Ƙin abinci sau da yawa ciwo ne ke magana. Tsutsar ciki na sa shi, karyayyen haƙori na sa shi, haka cututtukan jini da kaska ke ɗauka, waɗanda ake ganewa in dasashin kare ya yi fari maimakon ja. Kwikwiyon da ya ƙi ci yana amai da zawo ba a jira masa gobe. Akwai kuma wanda ya fi su duka: karen da ya canja hali farat ɗaya, ya kasa haɗiya, yawu na zuba, mai fara'a ya koma cizon abin da ya gani, ba a sa masa hannu a baki don neman ƙashin da ya maƙale. Ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin 59.000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara na da yawa cikinsu, alhali tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurarsa a jikin mutum. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Maigidan da ke da kuɗin buhu amma bai yi wa karensa allura ba, ya sayi sirdi ya manta da doki.

Wani lokaci kuma kare ne ke da gaskiya. Harshensa bai kai na mutum ba, ƙwayoyin ɗanɗanonsa wajen 1.700 ne inda na mutum suka kusa 9.000, amma hancinsa ya yi wa na mutum fintinƙau, kuma da hanci yake cin abinci. Ana fesa wa cincin ɗin nan kitse a masana'anta don ya yi ƙamshi. Kitse kuwa ba ya son zafi da iska. Daga tashar jirgin ruwan Kwatano zuwa gadar Malanbil fiye da kilomita 700 ne a bayan mota. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, kaya suka ci gaba da ƙetarowa a kwalekwale, ko su zagayo ta Lome da Burkina Faso. Buhun da ya sha wannan tafiya, ya zauna a kanti, aka buɗe shi aka bar bakinsa a sake, warin tsohon mai yake yi tun kafin hancin maigida ya ji. Gaya ce ta fi ko'ina ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, don haka da damina sai laima ta ƙara nata. Funfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma kare ba ya jure ta: daga ƙarshen 2020 zuwa 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka saboda buhunan da gubar ta shiga, a ƙasar da ke da hukumomin bincike. Wanda ya ga ana auna wannan abinci a leda, babu suna babu kwanan wata, ya wuce abinsa. Ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda, a zuba shi da ledarsa cikin bokiti mai murfi a inuwa, ya fi babban buhu mai rangwame.

Saura karatun buhun, aikin da ya kamata ya yi wa malamai sauƙi, tunda da faransanci ko ingilishi ake rubuta shi. Gaban buhu talla ce, bayansa ake karantawa. Kalmar farko da za a nema ita ce «aliment complet», wato abincin da ya isa shi kaɗai. In an rubuta «complémentaire», ƙari ne kawai. Sai a duba ko na kwikwiyo ne ko na babba. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta sa mafi ƙarancin furotin kashi 18 cikin 100 na busasshen abinci ga babban kare, kashi 22,5 ga mai tasowa da mai shayarwa. Doka ta tilasta a jera kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, to amma ɗan kasuwa ya san hanyar zagaye doka. Ɗanyen nama wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne, sai a auna shi da ruwansa ya hau sahun gaba, a kuma raba masara gida uku da sunaye daban-daban don kowane ya sauka ƙasa. Lambar furotin ita ma an taɓa yi mata ƙarya: a 2007 aka gano an zuba sinadarin melamin cikin kayan haɗin da aka shigar Amurka daga Sin don awo ya nuna furotin mai yawa, ƙodar karnuka da kyanwoyi masu yawa ta lalace. Shaidar da ba ta ƙarya tana jikin kare bayan wata ɗaya ko biyu: gashi mai sheƙi, kashi mai tauri marar yawa, haƙarƙarin da hannu ke ji ba tare da ido ya ƙirga shi daga nesa ba. Karen gida da na Azawak dama sirara ne, ba a auna su da hoton buhu. In za a canja abinci kuma, a yi shi cikin mako guda, ana ƙara sabo ana rage tsoho. Ɗan ruwan ɗumi a kai yakan tada ƙamshi ya jawo mai yanga.

Wanda ba shi da halin buhu bai rasa komai ba in ya san abin da ƙanzo ya rasa. Tuwo ƙarfi yake bayarwa, bai isa gina tsoka da ƙashi ba. Gaya kuwa gari ne na kifi da mahauta da nonon Fulani. Tuwon gero ko shinkafa, da dafaffen tumbi ko huhu ko naman kai, da ɗan hanta jefi-jefi, da kifin da aka cire wa ƙaya, da kabewa ko dankali, da garin ɓawon ƙwai kaɗan saboda ƙashi, abinci ne da ba ya jin kunyar kanti. Nono mai tsami ya fi madara zama a cikin babban kare. Haɗarin yana cikin miya: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare in suka taru, ga shi babu tukunyar da ba sa shiga. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa kamar tsinke. Huhu ko hantar da mahauci ya yar saboda ya ga ƙulli mai ruwa a jiki, in kare ya ci ta ɗanya, tsutsa ce zai ɗauka, ƙwanta ya fita a kashinsa ya koma hannun yaran gida.

Maƙwabta ba su bar darektan ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Buhu mai kilo 15 na manyan kamfanoni yakan yi kafaɗa da kuɗin buhun gero mai kilo 100, a unguwar da almajiri ke tsayawa bakin ƙofa kullum da magariba. Ba a amsa wannan da cewa kuɗinsa ne. Amma masu cewa kare ƙazanta ne da bai cancanci kulawa ba sun wuce inda malamansu suka tsaya: Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren mafarauci ya kamo, mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar ba ta ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne ga kowane ɗalibi. Wanda ya ɗaure dabba a gidansa ta kwana tana tsaron dukiyarsa, ya hana ta yawon neman abin da za ta ci, cinta ya koma wuyansa. Abin da ba a ɗora masa ba shi ne ya ciyar da ita daga Faransa.

Darektan ya tsaya a tsakiya. Ya daina tsiren dare, ya kai karen aka yi masa allura aka ba shi maganin tsutsa, ya sa ana ɗebe masa tuwo kafin a zuba miya, ya yi ciniki da wani mahauci kan tumbi da huhu sau uku a mako. Ƙaramin buhu yake ajewa saboda ranar tafiya. Tsohon buhun da ya ƙare kuwa wani malamin kwaleji ya karɓa ya shiga aji da shi, ya ce a fassara bayansa zuwa Hausa. Ɗalibai suka wuce «céréales» da «huiles et graisses» ba gardama, suka zo kan «viandes et sous-produits animaux» suka cije. Wani ya ce ƴaƴan nama, wani ya ce naman ƙasa-ƙasa, aji ya fashe da dariya. Wani yaro ɗan gidan mahauta da ke zaune a baya ya ɗaga hannu ya ce a wajensu wannan tarkace ake ce masa, kuma babansa kyauta yake ba karnukan unguwa.